Renon Furen Kariya a Cikin Tukunya

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa ratsa dazuzzukan Sakkwato, Katsina, Yobe ko Borno da rani ya ga kariya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar bishiyar nan mai ƙaton gindi kamar ƙaramar kuka, wadda kan zubar da ganyenta ƙaf, sa'annan ta fid da furanni ja-ja a kan busassun rassa, a lokacin da ko ɗanyar ciyawa ɗaya babu a fili. Wasu kan rubuta sunan da karya. Masana kimiyyar tsirrai kuwa suna kiranta Adenium obesum.

Wannan tsiro da makiyayi kan wuce bai ko waiwaye shi ba, shi ne a yau ake reno a tukwane ana sayarwa a lambunan furanni na bakin titi a Abuja, Kaduna, Kano, Ibadan da Legas. Masu otal, ofisoshi da manyan gidaje suna nemansa. A irin waɗannan lambuna za ka ji ana ce masa adeniyom ko Desert Rose, watau furen hamada. Ga manomi mai ɗan fili a bayan gida, ko matar aure, ko matashin da ke neman sana'ar da ba ta cin ruwa da jari mai yawa, renon kariya hanya ce ta samun kuɗi, musamman da rani.

Sai dai akwai matsala guda da ke jawo asara a kai a kai. Mutum zai sayi kariya lafiyayya, ya sa ta a falo ko a inuwa, ya riƙa ba ta ruwa safe da yamma saboda ƙauna, kafin damina ta kai tsakiya gindin ya ruɓe. Ba ƙishirwa ke kashe kariya a tukunya ba. Yawan ruwa da rashin rana su ne ajalinta. Wannan jagora zai nuna maka yadda za ka kauce wa haka, da yadda za ka yawaita tsiron, da kuma haɗarin da ke cikinsa ga iyalinka da dabbobinka.

ASALI DA SIFFA

Kariya 'yar ƙasa ce. Tana fitowa da kanta tun daga Sanagal, ta bi ta Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi da Sudan, har Somaliya, Kenya da Tanzaniya, ta tsallaka zuwa kudancin ƙasar Larabawa. A Yaman ne wani masani mai suna Peter Forsskal ya gan ta ya bayyana ta a rubuce, aka buga bayanin a 1775. A 1819 aka raɗa wa jinsin suna Adenium, daga sunan yankin Aden. Kalmar obesum kuwa ma'anarta mai ƙiba. Danginta ɗaya da tumfafiya, shi ya sa wasu ƙwarin da ke damun tumfafiya suke damunta.

A daji takan kai tsawon mita 1 zuwa 3. Furenta kamar bakin algaita yake, mai kunnuwa 5, ja ko ruwan hoda a baki, fari daga ciki. Masu furanni ninki-ninki, da farare fat, da masu zane-zane da kake gani a kasuwa, yawancinsu a ƙasashen Tailan, Taiwan da Indiya aka inganta su. Amma halinsu ɗaya da na dajinmu.

Abin da ya wajaba ka fahimta tun farko shi ne gindin nan mai kumburi. Ba itace ba ne irin na marke ko ƙirya. Idan ka yanka shi za ka tarar da tsoka mai laushi cike da ruwa, kusan kamar doya. Rumbu ne da tsiron ke tara ruwan damina domin ya ci da rani. To, kamar yadda doya ke ruɓewa idan aka bar ta cikin laima, haka gindin kariya da saiwoyinta. A inda take fitowa da kanta, watau kan jigawa, marmara da gindin duwatsu, ruwa ba ya kwana. Aikinka shi ne ka mai da tukunyarka ta zama kamar waɗannan wurare.

DAFIN KARIYA

Kafin ka taɓa wuƙa, ka san cewa ko'ina a jikin kariya akwai dafi: saiwa, ɓawo, ganye, fure da iri. Ruwan da ke fita idan aka yanke ta, mai ɗan danƙo da tsananin ɗaci, yana ɗauke da sinadarai masu rikita bugun zuciya, dangin wanda ke cikin maganin zuciya da likitoci ke kira digoksin. Maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, masunta kuma suna kashe kifi da shi.

Saboda haka, ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda a hannu duk lokacin da za ka yi yanka ko aski. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko goro, kada kuma ka sosa ido. Wuƙar da ka ware wa wannan aiki kada ta koma madafi. Ka ajiye tukwane inda yara masu rarrafe ba za su kai ba. Awaki da tumaki kan guje ta a daji saboda ɗacinta, amma dabbar da ke ɗaure a turke da yunwa ba ta da zaɓi, don haka kada a zubar da rassan da aka sare a inda dabbobi ke cin abinci. A haƙa rami a binne su. Mai kiwon kifi kuma ya nisanta ta daga tafkinsa, kada ya wanke kayan aiki a ciki.

Alamun wanda ya ci su ne amai, dalalar miyau, gudawa, kasala da rikicewar bugun zuciya. Idan haka ta faru, a garzaya asibiti nan take tare da guntun tsiron domin likita ya gani. Kada a tsaya ɗura manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru. Idan ruwan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. An san wasu kan yi amfani da kariya a magungunan gargajiya. Shawararmu ita ce kada a sha ta ko kaɗan, domin tsakanin abin da ake zaton magani da abin da ke kisa babu nisa.

TUKUNYA DA ƘASA

Tukunyar ƙasa gasasshiya ta fi ta roba, domin tana shan iska, kuma ruwa na tsattsafewa ta jikinta. Maginan tukwane na garinku za su iya yi maka ita da arha. Ka ce a yi maka mai faɗin baki marar zurfi sosai, kamar kasko, a huda gindinta wuri 4 ko 5 tun tana ɗanya, kowace huda yatsa ya iya shiga. Idan roba ce ko tsohon bokitin fenti za ka yi amfani da shi, ka ƙara yawan hudar. Da yawa daga cikin tukwanen siminti na ado da ake sayarwa a bakin titi hudarsu ɗaya ce tak, wani lokaci ma ta toshe. Ka duba kafin ka saya.

Kada tukunya ta fi tsiron girma da yawa. Tazarar yatsu 3 tsakanin gindin tsiro da bakin tukunya ta isa. Ƙaramin tsiro a ƙatuwar tukunya yana zaune ne cikin ƙasar da saiwarsa ba ta iya shanye ruwanta.

Ga haɗin ƙasar da za ka iya samu ko'ina: kashi 2 na yashin rafi mai gwari-gwari, kashi 1 na ƙonannen ɓuntun shinkafa ko gawayi da aka farfasa kamar ƙwayar masara, da kashi 1 na takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai har ya koma kamar ƙasa. Idan kana kudu, inda ruwan sama ke da yawa, ka ƙara kashi 1 na ƙananan tsakuwa. Ka guji laka da baƙar ƙasar fadama, haka nan yashi mai laushi irin na shafe, domin yakan daskare ya toshe iska. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu kuwa ƙone saiwa yake yi.

Kafin ka dasa komai, ka gwada haɗin. Cika tukunya, ka zuba ruwa. Idan ya nutse nan da nan ya fara fita ta ƙasa, haɗin ya yi. Idan ya tsaya a sama ya yi minti guda, ka juye ka ƙara yashi da gawayi. Mutane da yawa kan shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya sa'annan su cika da laka, suna zaton sun magance matsalar. Ba su magance ba, lakar za ta riƙe ruwanta yadda take. Gyaran a cikin haɗin ƙasar yake. Abin da huda ke bukata kawai shi ne ɗan katanga ko guntun raga da zai hana ƙasa zubewa.

Ka ɗora tukunya a kan bulo biyu ko duwatsu, kada ta zauna a ƙasa. Wannan na hana huda toshewa, yana kuma rage gara. Kada ka bar faranti da ruwa a ƙarƙashinta. Ban da ruɓar da saiwa, sauro na hayayyafa a ciki.

HASKEN RANA

Ko da yake ana sayar da kariya da sunan furen cikin gida, gaskiyar magana ita ce ba ta son ɗaki. Tana bukatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 6 kowace rana kafin ta yi fure. A inuwa rassanta kan miƙe siri-siri, ganye ya yi faɗi, fure ya ƙi fitowa, ƙasar tukunya kuma ta daɗe ba ta bushe ba. Falo mai labule da na'urar sanyaya ɗaki shi ne mafi munin wuri gare ta.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka kan ce a ajiye ta a tagar kudu. Wannan shawara ta ƙasashensu ce. A nan rana na bi ne kusan ta tsakar ka, har ma takan ɗan karkata arewa daga wajen Afrilu zuwa Agusta, don haka tagar kudu ba ta samun hasken kirki a waɗannan watanni. Baranda ko taga mai kallon gabas ko yamma ta fi. Tsakar gida ta fi su duka.

Idan mai gida na son ganin furen a falo, ga dabara: a reni tsiron a waje, idan ya yi fure a shigo da shi na kwana 3 zuwa 5, sa'annan a mai da shi. Otal ko ofis na iya mallakar tukwane da yawa ana musanyawa. Mai lambu da ya iya tsara wannan ya sami ciniki mai ɗorewa. Tsiron da ya daɗe a inuwa kuma kada a fitar da shi tsakiyar rana gaba ɗaya, zai ƙone. A fara ba shi hantsi kawai, a riƙa ƙarawa har mako 2.

BAN RUWA

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne manoma suka fi yi wa malaman gona tambaya: sau nawa za a ba ta ruwa a mako? Amsa ita ce babu ƙayyadadden lissafi. Tukunyar da ke bushewa cikin kwana 2 a Maiduguri a watan Afrilu tana iya yin mako 2 da laima a Fatakwal a watan Yuli. Sakkwato na samun ruwan sama kimanin milimita 700 ko ƙasa da haka a shekara, Fatakwal kuwa fiye da 2,000. Ba zai yiwu a ba su ƙa'ida ɗaya ba. Ƙasar tukunyar za ka tambaya, da tsiron kansa.

Ka cusa yatsa ko busasshen tsinke zurfin santimita 5. Idan ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ka dakata. Idan ya fito a bushe, ka ba da ruwa sosai har ya fita ta huda, sa'annan ka ƙyale ta har ta sake bushewa. Yayyafin ruwa kaɗan-kaɗan kullum ba shi da amfani, domin saman ƙasa ne kawai ke jiƙa, gishiri kuma ya taru. Da safe ake ban ruwa, a kan ƙasa, ba a kan ganye da fure ba.

Ka kuma saba da matsa gindin da yatsu. Lafiyayyen gindi tauri gare shi kamar ɗanyar doya. Idan ya ɗan yi laushi ya yamutse, ƙasa kuma a bushe, ƙishirwa ce, kuma zai cika cikin 'yan kwanaki bayan ban ruwa. Idan kuwa ya yi laushi alhali ƙasa na jiƙe, ganye na yin rawaya yana zuba, to ruɓa ce. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren da ke ƙarasa tsiron: sun ga ganye ya yi yaushi, sai su ƙara ruwa.

Da bazara, lokacin da zafi ya tsananta kuma tsiron ke toho da fure, kariya na shan ruwa fiye da yadda ake zato. Wanda ya hana ta ruwa a wannan lokaci don ya ji an ce tsiron hamada ce, ba zai kashe ta ba, amma girmanta zai tsaya, furenta ya kakkaɓe. Muddin haɗin ƙasa na da kyau, ban ruwa duk bayan kwana 2 ko 3 a tsananin zafi ba laifi ba ne.

Da damina ka ajiye bokiti. A arewa ruwan sama ya ishe ta, sai dai ka lura da watan Agusta. Idan aka shiga marka, ka janye tukwane ƙarƙashin baranda ko rumfar leda mai barin haske, wadda gefenta ke buɗe. Daga Abuja zuwa kudu, musamman Legas, Binin, Fatakwal da Kalaba, irin wannan rumfa wajibi ce ga mai renon sayarwa, ba ado ba ce.

Da hunturu tsiron kan yi barci. Ganye zai yi rawaya ya zube, wani tushen ya koma sanda tsirara. Ba ciwo ba ne, kada ka tsorata. Tushen da ba shi da ganye ba ya shan ruwa, don haka ɗan ruwa sau ɗaya a mako 2 ko 3 ya isa, idan ma gindin na da tauri ana iya ƙyale shi. Sanyi da laima idan suka haɗu sun fi komai saurin ruɓar da ita. A Jos da tsaunin Mambila, inda sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, ka matsar da tukwane jikin bango ko ƙarƙashin rufi da dare. Da zarar ka ga sabon toho a kan rassa, ka koma ban ruwa sannu a hankali.

TAKI

Kariya ba ta da ci. Ga tukunya mai faɗin santimita 25 zuwa 30, rabin cokalin shayi na takin zamani NPK 15-15-15 sau ɗaya a wata ya wadatar, a lokacin da take toho. Ka barbaɗa shi a gefen tukunya nesa da gindi, ka rufe da ƙasa, ka ba da ruwa. Kada ka sa yuriya. Tana sa rassa su yi tsawo da laushi, ganye ya yi yawa, fure ya yi ƙaranci, ƙwari kuma su taru. Ka daina sa taki daga watan Nuwamba har sai toho ya dawo. Tsiron da aka dasa sabo ko marar lafiya ba a sa masa taki.

YADDA AKE YAWAITA TA

Hanyoyi uku ne: iri, reshe da aure. Kowace da abin da take bayarwa, kuma mai sayarwa ya kamata ya san bambancin.

Iri shi ke ba da ƙaton gindin da masu saye ke so. Kwanson kariya biyu-biyu yake fitowa kamar ƙahonin sa, yakan kuma ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna. Idan ya fara canza launi, ka naɗe shi da zare ko ka sa masa guntun gidan sauro, domin da ya tsage iska za ta kwashe irin, kasancewar kowace ƙwaya na da gashi a kai da gindi. Sau da yawa tushe guda ba ya yin kwanso shi kaɗai, sai da wani tushen daban a kusa. Ka cire gashin, ka shuka da wuri, saboda ƙarfin tsirarsa na raguwa cikin 'yan watanni. Kwantar da ƙwayar ake yi a kan haɗin ƙasa mai danshi, a rufe da yashi kaurin rabin santimita, a ajiye a wuri mai haske wanda ruwan sama ba ya duka. Da ɗumi, sabon iri kan tsira cikin kwana 5 zuwa 10. Jarirai ba su da rumbun ruwa tukuna, don haka kada a bar su su bushe ƙayau kamar manya. Idan sun yi ganye 6 sai a raba su a ƙananan ledojin reno. Sukan fara fure cikin shekara 1 zuwa 2.

Ka sani cewa irin da aka ɗebo daga uwa mai fure ninki-ninki ba lallai ya gado ta ba. Yawancin 'ya'yan kan koma ja-ja na asali. Haka nan ka yi hattara da hotunan da ake tallar iri da su a intanet, masu fure shuɗi shar ko launuka bakwai a tushe guda. Aikin kwamfuta ne. Wanda kuma zai shigo da iri ko tsiro daga waje, sai ya nemi izini daga hukumar NAQS mai kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi.

Reshe ya fi sauri, kuma furensa daidai da na uwa yake. Ka yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawon santimita 15 zuwa 20, ka cire ganyen ƙasa, ka ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 har bakin yankan ya bushe. Wanda ya dasa shi ɗanye ya dasa ruɓa. Sa'annan ka kafa shi cikin yashi mai ɗan danshi. Zai yi saiwa cikin mako 3 zuwa 6. Illarsa ita ce ba ya yin gindi mai kumburi sai bayan shekaru, shi ma a ƙarƙashin ƙasa, don haka kuɗinsa bai kai na iri ba.

Aure shi ke haɗa amfanin biyu, kuma duk wanda ya iya auren mangwaro zai ga wannan ya fi sauƙi. Ka sami tushen iri mai shekara 1 ko fiye. Goge wuƙa mai kaifi da sifirit, ka yanke kansa a shafe. Daga uwar da kake son furenta, ka yanko guntun reshe santimita 2 zuwa 3 mai ido 1 ko 2, wanda kaurinsa bai fi na tushen ba. Kada ka juya shi, gefen ƙasa ya kalli ƙasa. Goge ruwan da ya tsattsafo da tsumma mai tsabta, ka ɗora guntun a kan yankan, ka lulluɓe da farar leda irin ta ƙanƙara, ka ja ta ta matse shi, ka ɗaure da zare ko kyauro. Ka ajiye a inuwa inda ruwan sama ba ya taɓawa. Bayan kwana 10 zuwa 14 sai ka kwance. Duk tohon da ya fito daga ƙasan wurin auren ka cire shi, in ba haka ba zai danne amaryar.

Wani abu kuma: kada ka je daji ka tono manyan tushe don sayarwa. Sun yi shekaru masu yawa kafin su kai haka, saiwarsu kan ji rauni wajen tono, da dama kuma ba sa rayuwa a tukunya. Kwanso da 'yan rassa sun ishe ka fara lambu.

SAUYA TUKUNYA DA ASKI

Ƙananan tsirrai na bukatar sauyin tukunya duk shekara 1 ko 2. Idan aka ƙyale su, saiwar na iya fasa tukunyar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Maris. Ka zare tsiron, ka kakkaɓe tsohuwar ƙasa, ka yanke matattun saiwoyi, ka bar shi a inuwa kwana 2 ko 3. Wajen dasawa ka ɗaga gindin santimita 2 zuwa 3 sama da inda yake a da. Da haka ake fito da murɗaɗɗun saiwoyin nan da ke ƙara wa tsiro daraja. Sashen da ya fito sabo fari ne, rana na ƙona shi, don haka ka rufe shi da tsumma na 'yan makonni. Kada ka ba da ruwa sai bayan kwana 5 zuwa 7.

A wannan lokaci ne kuma ake aski. A kan reshe kariya ke yin fure, saboda haka yawan rassa shi ne yawan fure. Ka rage dogayen rassa da rabi, yankan ya zama a karkace don kada ruwa ya zauna, ka shafa garin gawayi. Ba a aski cikin marka ko tsakiyar sanyi.

RUƁA DA ƘWARI

Idan ka gane ruɓa da wuri, ana iya ceton tsiron. Ka zare shi daga tukunya a ranar, ka wanke saiwar. Ruɓaɓɓen wuri baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai laushi da wari. Ka yanke shi da wuƙar da aka goge da sifirit, ka ci gaba da yanka kana goge wuƙar, har sai ka kai tsoka fara sol wadda babu ɗigo ko ɗaya a cikinta. Kada tausayi ya hana ka, ɗan abin da ka bari shi zai cinye sauran. Ka shafa garin gawayi ko maganin fumfuna irin su mankozeb, ka rataye tsiron a inuwa mai iska mako 1 zuwa 2. Sa'annan ka dasa a sabuwar ƙasa da wankakkiyar tukunya, ka jinkirta ruwa mako guda. Tsohuwar ƙasar a zubar da ita nesa da lambu. Idan gindin ya tafi gaba ɗaya, ka yanki rassan da ke da lafiya ka dasa ko ka aura su.

A cikin ƙwari, za ka fi gamuwa da rawayar darɓa irin ta tumfafiya a kan sabon toho, da farin ƙwaro mai kama da auduga a hammatar ganye da cikin saiwa. Yawan tururuwa a jikin tsiro alama ce ta ɗayansu. Da hunturu da bazara kuma akwai wasu jajayen 'yan mitsi-mitsin gizo-gizo a bayan ganye, masu sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo, fure ya zube tun bai buɗe ba. Su ƙura da bushewar iska suke so, wanke bayan ganye da ruwa da safe na rage su ƙwarai. Akwai kuma wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai iya cinye ganyen ƙaramin tsiro cikin kwana 2. Ita da hannu ake tsince ta.

Ga darɓa da farin ƙwaro, ka daka ƙwayar 'ya'yan dogonyaro giram 50, ka jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har bayan ganye. Ka maimaita bayan mako guda. Ka fara gwadawa a tushe ɗaya, domin magani mai maiƙo kan sa kariya zubar da ganye. Idan abin ya gagara, ka tuntuɓi malamin gona, ka sayi magani mai rajistar NAFDAC kawai, kada kuma ka yi feshi a cikin ɗaki.

KAI WA KASUWA

Ka tsara aski da taki yadda tsirranka za su kasance cikin fure lokacin da za ka fitar da su, domin mai saye fure yake gani. Idan tafiyar mai nisa ce, ba sai ka ɗauki nauyin tukunya ba. Ka daina ban ruwa kwana 5 kafin tafiya, ka zare tsiron, ka kakkaɓe ƙasar, ka naɗe shi da takarda, ka jera a kwali mai huda. Babban tushe na iya yin mako guda ko fiye a haka. Kada ka naɗe shi da leda, zai yi gumi ya ruɓe.

Duk wanda ya saya, ka gaya masa ya sa ta a rana, ya gwada ƙasa kafin ya ba da ruwa, ya kuma nisanta ta daga yara da dabbobi. Idan da hali ka rubuta masa a 'yar takarda ka ɗaura a reshe, domin sau da yawa ba mai sayen ne ke ban ruwa a gida ba, maigadi ne ko yaron gida.